Yadda ake gyara ƙungiyar ƙwallon kwando ta jami'a da ta kasa ci, ta kuma kasa tsaro

A gasar jami'o'in Amurka ta NCAA, da zarar ƙungiya ta fara shan kashi a jere, sai ka ji magoya baya suna cewa yaran ba su iya jifa ba. Sau da yawa ba nan ciwon yake ba. Rashin cin maki da rashin tsaro uwarsu ɗaya ubansu ɗaya, kuma abin yana ci mini rai idan na ga koci yana ta sa yara jifa ɗari biyar a atisaye alhali ɓarakar tana wani wuri. Ga yadda za ka bi.

Mataki na farko: ajiye allon maki, ka ƙirga hare-hare, wato sau nawa ƙwallo ta zo hannun ƙungiya. Wasan maza minti 40 ne, kowane hari kuma daƙiƙa 30 ake ba shi. Ƙungiyar da ta ci maki 60 a hari 58 ta fi wadda ta ci 75 a hari 80 iya cin maki, ko da ido bai nuna haka ba. Ɗauki yawan jifanku, cire ƙwallayen da kuka sake cafewa bayan kun kuskure kwando, ƙara waɗanda kuka zubar, sannan ƙara kusan rabin jifan kyauta, wato jifan da ake ba ku ba mai tarewa idan an yi muku laifi. Raba makinku da wannan adadi, ka yi wa abokan hamayya haka. Idan kuna samun ƙasa da maki ɗaya a kowane hari, su kuma suna haura ɗaya, ka san girman aikin da ke gabanka.

Mataki na biyu: raba matsalar gida huɗu, kamar yadda masanin lissafin wasan Dean Oliver ya tsara: ingancin jifa, zubar da ƙwallo, cafe ƙwallon da ta dawo daga kwando, da samun jifan kyauta. Duba kowanne a ɓangarenku da na abokan karawa.

Mataki na uku, kuma a nan nake so ka daɗe: zubar da ƙwallo. Ba duka ne iri ɗaya ba. Idan yaro ya taka layi ko ya yi tafiya da ƙwallo ba tare da buga ta a ƙasa ba, alƙalin wasa zai busa, kowa ya koma baya ya tsaya. Amma idan aka fizge ƙwallo a hannunsa, ko aka tare ta a hanya, wasa bai tsaya ba, kafin ka ƙifta ido sun zura maki biyu a banza. Kuskure ɗaya, asara biyu. Zauna da bidiyon wasanni uku na baya, ka rubuta kowace zubarwa: wa ya yi, a ina, saura daƙiƙa nawa. Yawanci za ka tarar mutum ɗaya ko biyu ne, a wuri guda, musamman lokacin da aka yi wa mai rabon ƙwallo taron dangi bayan abokinsa ya yi masa shinge, wato ya tare mai tsaronsa da jiki. Shi za ka koya wa ya sallami ƙwallo da wuri, sauran kuma su buɗe masa hanya maimakon su tsaya kallo.

Mataki na huɗu: zaɓi tsaro ɗaya ka tsaya a kai. Tony Bennett ya karɓi Jami'ar Virginia a 2009 bayan kakar da ta ci wasa 10 ta faɗi 18. Ya kawo tsarin mahaifinsa Dick Bennett: mutum ɗaya ya matsa wa mai ƙwallo, sauran huɗun su cunkushe kusa da kwando, kuma da ƙungiyarsu ta yi jifa galibinsu su ruga baya. Kakarsa ta farko ya ci wasa 15 ya faɗi 16, bai canza ba. A 2019 suka ɗauki kofin ƙasa. Kada dai in ɓoye maka raunin tsarin: a 2018 UMBC, wata jami'a a jihar Maryland, ta yi musu ruwan jifan maki uku ta doke su 74 da 54, domin ƙungiya mai wasa a hankali irin Virginia tana shan wuya wajen rama maki da yawa. Idan yaranka dogaye ne marasa sauri, tsaron yanki, inda kowa ke gadin wurinsa, mutum biyu a gaba uku a baya, irin wanda koci Jim Boeheim ya riƙe shekara da shekaru a Jami'ar Syracuse, zai fi dacewa da su.

Mataki na biyar: sai yanzu a zo kan jifa. Hana jifan nesa mai maki biyu. Jifan maki uku da ke shiga kashi 35 cikin ɗari ya fi na maki biyu da ke shiga kashi 42 riba, tunda ɗaya yana ba da 1.05, ɗayan 0.84. Ko a kai ƙwallo gindin kwando, ko a fita bayan layin maki uku, mai nisan mita 6.75 daga kwando.

Na ƙarshe, laifi. Biyar ke fitar da ɗan wasa, kuma daga laifin ƙungiya na bakwai a kowane rabi abokan hamayya sun fara jifan kyauta. A atisaye, sa masu tsaro su riƙe tawul a wuya da hannu biyu, su tare mutum da ƙafa kawai, minti goma kullum.