Yadda Ake Rubuta Tsarin Aiki a Gasar Ƙirƙirar Wasan Kwamfuta

A gasar da aka fi sani da game jam, ana sanar da jigo ne sannan a ba mahalarta ɗan lokaci, galibi kwana biyu ko uku, su fito da wasan kwamfuta da za a iya bugawa. Global Game Jam, wadda aka fara a 2009, sa'o'i 48 take bayarwa, ita kuwa Ludum Dare, da ta samo asali tun 2002, tana da rukunin sa'o'i 48 ga mai aiki shi kaɗai da na sa'o'i 72 da ƙungiyoyi ke shiga. Ƙarancin lokacin yakan sa mutane su faɗa wa kwamfuta kai tsaye da zarar an faɗi jigo, alhali abin da ya fi kayar da ƙungiya shi ne mantuwa da shawarar da aka riga aka yanke, da kuma ƙara wa wasa abubuwan da ba za a gama ba. Rubutu kaɗan, idan an yi shi a kan kari, yana maganin duka biyun.

Ka ware sa'a ta farko domin tunani. Kowa ya rubuta abin da jigon ya kawo masa ba tare da an yi gardama ba, sannan a tace, a yi hattara da ra'ayin da ya fara zuwa, domin mai yiwuwa shi ne ya fara zuwa wa sauran mahalarta ma. Idan an zaɓi ɗaya, a rubuta shi cikin jimla guda da ke bayyana abin da ɗan wasa zai riƙa yi da hannunsa. Superhot, wanda aka fara a gasar 7DFPS ta 2013, ana iya bayyana shi da cewa lokaci yana tafiya ne idan ɗan wasa ya motsa. Baba Is You, da Arvi Teikari ya fara a Nordic Game Jam ta 2017, dokokinsa kalmomi ne da ake turawa a fili domin a sauya su. Idan ra'ayinka ya ƙi shiga jimla irin wannan, to ya fi ƙarfin kwana biyu. Wannan jimlar ce za ta zauna a saman shafi, kuma da ita za a auna duk wata shawara da ta biyo baya.

A ƙarƙashinta sai a kasa aiki gida uku: abin da in babu shi babu wasa, abin da zai ƙara armashi, da abin da za a yi in lokaci ya ragu. Kashi na farko ya kamata ya yi gajarta ƙwarai, wato motsin ɗan wasa, yadda ake ci, yadda ake faɗuwa, da hanyar sake farawa. Kowane aiki a rubuta shi da sunan mai yinsa, kuma a daddatsa shi yadda zai ƙare cikin sa'a ɗaya ko biyu. "Gyara abokan gaba" ba ya gaya wa kowa inda zai tsaya, amma "abokin gaba ya bi ɗan wasa idan ya matso kusa" aiki ne da za a iya sokewa daga jerin ayyuka idan an gama.

Kashi na uku ne na fi ba muhimmanci, ko da yake yawancin abin da ke cikinsa ba za a taɓa yinsa ba. Da tsakar dare wani zai zo da dabara mai daɗin ji, kuma idan aka ce masa a'a zai ji haushi, idan aka ce to aiki zai karkace. Rubuta ta a wannan kashi yana nuna masa an saurare shi, aikin kuma ya ci gaba a kan hanyarsa. Haka nan duk abin da aka yanke shawarar cirewa, a rubuta dalilin a gefensa cikin layi ɗaya, don kada a sake buɗe muhawarar bayan gajiya ta kama kowa.

Ko takarda ce, ko allo, ko manhajar tsara ayyuka irin Trello, sharaɗin shi ne wuri ɗaya da kowa ke gani. Shawarar da aka yanke a cikin manhajar hira irin Discord takan nutse cikin saƙonni, saboda haka a kwafo ta zuwa shafin nan take.

Jadawalin lokaci kuwa daga ƙarshe ake lissafa shi. Ka rubuta lokacin rufe gasar da agogon inda kake, ka ware sa'o'i uku ko huɗu na ƙarshe domin fitar da wasan (wato mayar da shi fayil da wasu za su iya buɗewa su buga), ɗaukar hotunansa, rubuta bayanin maɓallan da ake dannawa, da ɗora shi a shafin gasar ko a itch.io, shafin intanet da ake ɗora wasanni. Kafin a kai rabin lokaci, a gwada fitar da wasan ko da bai yi kyau ba, domin wasan da ke tafiya lafiya a cikin manhajar haɗa wasa irin Godot ko Unity yana iya ƙin buɗewa a burauza, wato manhajar buɗe shafukan intanet. Barci ma a sa shi a jadawalin. Kafin ka kwanta, rubuta layi uku: inda ka tsaya, abin da ya lalace, da abin da za ka fara da shi da safe, sannan ka adana aikin a Git, manhajar da ke ajiye tarihin canje-canjen aiki, da saƙo mai bayanin abin da ka canza.

Ka buɗe jerin kayan aro tun daga farko, wato duk sauti, hoto ko salon haruffa da ka ɗauko, da sunan mai shi da irin lasisinsa, wato sharuɗɗan amfani da shi, domin lasisi irin CC BY yana wajabta ambaton mai aikin, rukunin sa'o'i 48 na Ludum Dare kuma yana buƙatar a ƙirƙiri zane da sauti a cikin lokacin gasar. Idan wani ya gwada wasan, ka yi shiru ka rubuta inda ya rikice, ka fara gyara matsalar da ta hana shi ci gaba kafin ka taɓa wadda ta shafi kyan gani.