Yadda Ake Ba Yara Maganin Rigakafin Zazzaɓin Damina

Duk damina, daga wajajen watan Yuli zuwa Oktoba, ma'aikatan lafiya na bin gida-gida a jihohin Arewa suna raba maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro kyauta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da tsarin a 2012, aka fara gwada shi a Katsina a 2013, yanzu kuma yana cikin shirin Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya. Na yara ne masu wata 3 zuwa wata 59, ana bayarwa duk bayan kwana 28, zagaye huɗu, wasu jihohin biyar.

Kowane fakiti ƙwaya huɗu ne: fara ɗaya, rawaya uku. Akwai na jarirai 'yan ƙasa da shekara ɗaya, akwai na manyansu mai ninkin ƙarfi, don haka a faɗi shekarun yaro na gaskiya. Ranar farko ana ba shi fara ɗaya da rawaya ɗaya a gaban ma'aikaciya. A jiƙa su a cokali da ɗan ruwa mai tsabta har su narke, a zaunar da yaro, a ba shi a hankali. Kada a toshe masa hanci a yi masa ɗura, yana iya shaƙewa. In ya yi amai cikin minti 30, a sanar da ma'aikaciya ta sake ba shi, sau ɗaya kawai.

Inda aka fi samun matsala shi ne rana ta biyu da ta uku, domin a nan ma'aikaciya ta tafi, aikin ya koma hannun uwa. Rawaya ɗaya washegari, ɗaya kuma jibi, kusan lokaci guda. Wata uwar sai ta ajiye sauran "sai ranar da ya kwanta", wata ta ba yayansa ɗan shekara bakwai, wata ta daina saboda ɗaci. Duk wannan asara ce. Maganin da ba a kammala ba ba ya kai yaro ƙarshen wata, kuma yana iya koya wa ƙwayar cutar jure magani. Ba shi bayan ya ci abinci yana rage amai.

Ba a ba yaron da jikinsa ya yi zafi a ranar. A kai shi asibiti a gwada jininsa. Haka kuma ba a ba wanda ke shan maganin Septrin, da wanda ya sha irin wannan magani cikin mako huɗu da suka wuce, da wanda maganin ya taɓa fesa masa ƙuraje. In bayan sha fata ta fara saɓulewa, ko baki ya yi gyambo, ko amai ya ƙi tsayawa, a dakatar a garzaya asibiti.

A adana katin da ake cikewa, za a nema a zagaye na gaba. Yaro kuma ya ci gaba da kwana cikin gidan sauro kowane dare, ko ya sha maganin.