Yadda nake koya wa 'yan aji biyar rayuwar yaran Indonesiya da Ostireliya

Malamai 'yan uwana, wannan darasin sau uku kenan ina yin shi da 'yan aji biyar a nan Tudun Wada, kuma duk shekara sai na gyara wani abu a ciki, to bari in faɗa muku yadda nake bi da shi ko Allah zai sa wani ya amfana. Ba ya cin kuɗi. Taswirar duniya ko da ta jikin tsohuwar kalanda ce, kwali uku, maka, tocila, lemo guda ɗaya, sai ledar Indomie da aka cinye, shikenan kayan aikin. Sati biyu nake ba shi, darasi huɗu ko biyar.

Ranar farko kar ka fara da taswira, wallahi za su yi ta hamma. Ɗaga ledar Indomie ɗin nan ka ce daga ina wannan ta fito? Za ka ji amsa kala-kala, wani ya ce kanti, wani ya ce wajen mai shayi, mai wayon cikinsu ya ce kamfani. Sai ka rubuta sunan a allo ka raba shi biyu, Indo wato Indonesiya, mie kuma taliya kenan a yarensu, yanzu a nan Najeriya ake yin wadda muke ci amma asalinta can ne. Daga nan ka tambaye su atamfar da mamansu ke ɗaurawa, musamman wadda ake kira 'yar Holan. Mutanen tsibirin Java na Indonesiya suna da wani rini nasu da ake kira batik, da narkakken kaki suke zana ado a jikin yadi kafin su tsoma shi a baba, Turawan Holan da suka mulke su suka kwaikwayi abin da inji, ƙarshe kasuwarsa ta buɗe a nan Afirka ta Yamma. Idan yaro ya gane cewa Indonesiya tana cikin tukunyar gidansu da akwatin mamansa, to a lokacin ne za ka buɗe taswira, shi da kansa zai ce a nuna masa.

Kira yaro ɗaya ya ɗora yatsa a kan Najeriya ya yi gabas, ya tsallake Tekun Indiya har ya faɗa kan tsibiran nan da suka watsu kamar an zubar da gero. Sun haura 17,000, mutanensu sun haura miliyan 270, kuma mafi yawansu Musulmi ne. Ya ɗan gangara ƙasa sai ga Ostireliya, faɗinta ya ɗan haura Najeriya takwas amma mutanen cikinta ba su kai miliyan 30 ba. Rubuta waɗannan lambobin a gefen allo ka bar su a nan kar a goge, za ka dawo kansu.

Yanzu ga inda na yi kuskure shekarar farko, dan Allah kar ku maimaita. Kwali biyu kawai na yi, ɗaya na yarinyar Indonesiya muka sa mata Siti tunda suna ne da ya yi yawa a can, ɗaya na yaron Ostireliya muka sa masa Jack, muka yi ta jera abinci da makaranta da wasa, ni ina ganin darasi ya yi kyau, sai da muka zo ƙarshe wani yaro da ke zama a bencin baya ya ɗaga hannu ya ce, Malama wato dai su sun fi mu kenan. Maganar nan ta tsaya min a rai har gida. Ba abin da na zo koyarwa ba kenan, amma shi na koyar. Tun daga nan nake yin kwali na uku a tsakiya, na ɗan Kaduna, 'yan aji ne ke zaɓa masa suna da unguwa, ko Rigasa ko Kawo ko Kakuri duk inda suka ga dama, kuma su ne ke cika shi da bakinsu. Sannan na kafa doka, a darasin nan ba a cewa wa ya fi, sai dai me ya sa. Duk wanda ya ce wa ya fi, 'yan aji ne ke gyara masa ba ni ba.

Darasi na biyu safiyar makaranta ce, kuma nan ne daɗin yake, kar ka yi sauri. Siti tana sa farar riga da jan siket, haka yunifom ɗin 'yan firamaren gwamnati yake a faɗin ƙasar, launin tutarsu kenan ja da fari. Wajen ƙarfe bakwai an shiga aji, ranar Litinin kuma akwai taron ɗaga tuta a filin makaranta. Idan ta zo gaida malama sai ta kama hannunta ta ɗora a goshinta, suna kiran wannan salim. Ni nakan tsaya a bakin ƙofa 'yan mata su shigo ɗaya bayan ɗaya su gwada, maza su gwada da junansu, bayan sun gama dariya sai in ce to mu yaya muke gaida babba? Su nuna rusunawa da cire takalmi da sunkuyar da kai, su da kansu za su ce ai abu ɗaya ne girmamawa ce. Da la'asar yara da yawa a can suna zuwa karatun Alƙur'ani, wannan kam ba sai ka yi bayani ba, da ka faɗa za ka ji an ce Islamiyya.

Shi kuma Jack dole ya je da hula mai faɗin baki, makarantu da yawa a can dokarsu idan ba hula ba wasa a rana, saboda ranarsu tana ƙona fata har ta jawo ciwon daji. Yana tafiya da abincinsa a 'yar roba, galibi burodi da 'ya'yan itace, kuma ana koya musu iyo tun suna ƙanana. Tambaye su me ya sa iyo? Mayar da su kan taswira su ga Sidni da Melbon da sauran manyan garuruwan galibi a bakin teku suke, tsakiyar ƙasar kuwa busasshiya ce. Sai ka juyo kan kwalin tsakiya, mu me muke yi saboda yanayi? Basilin da rigar sanyi a hunturu, lema da takalmin roba a damina.

Labarin da suka fi so shi ne na yaran da ke can cikin dajin kiwo na Ostireliya, inda gidan maƙwabci ma sai an yi tafiyar awoyi a mota. A 1951 aka buɗe musu makaranta ta rediyo a garin Alice Springs, malami yana magana daga gari yara suna amsawa daga gida, yanzu da intanet ake yi. Nan za ka nuna musu lambobin gefen allo, ƙasa da faɗi mutane kaɗan. Kuma kar ka wuce ba ka faɗa musu cewa hukumar ilimin makiyaya ta ƙasa da aka kafa a 1989 hedikwatarta a nan Kaduna take ba, matsala ɗaya ce, yaro yana nesa da aji ta yaya karatu zai same shi.

Darasi na uku rufe tagogi, kunna tocila a matsayin rana, ka zana layi a tsakiyar lemo ka ɗan karkata shi kana zagayawa da shi. Da haka za su gane me ya sa a Disamba muna rawar ɗari su Jack suna fama da zafi, har Kirsimeti a bakin teku wasu ke yi, kuma a lokacin ne dogon hutunsu. Indonesiya tana kan layin tsakiyar duniya, damina da rani kawai suka sani. Jakarta ta riga mu da awa 6, muna asambuli ƙarfe takwas Siti ta riga ta tashi daga makaranta, ba su lissafin nan su yi da kansu.

Bukukuwa ba sa ɗaukar lokaci. Ƙaramar Sallah su Lebaran suke ce mata, mutanen birni su yi ta tururuwa zuwa garuruwansu, ka ce su tuna tashar Kawo ana jibi Sallah. Ranar 17 ga Agusta suke bikin 'yancin da suka ayyana a 1945, yara na tseren buhu, to nemo buhunan shinkafa huɗu ku fita fili ku yi.

Abu ɗaya da nake so ku kula da shi sosai, ajinmu a Kaduna akwai Musulmi akwai Kirista, kar yaro ya tafi gida da cewa wancan ƙasar tamu ce wancan tasu ce. Faɗa musu Indonesiya akwai Kiristoci miliyoyi, mutanen tsibirin Bali galibi Hindu ne, yarukansu sun haura 700 amma Bahasa Indonesiya ya haɗa su. Ostireliya kuma ba ta Turawa kaɗai ba ce, 'yan asalin ƙasar baƙaƙe ne da suka fi shekara 50,000 a wurin, Turawan Ingila sai 1788 suka zauna, kuma tun kafin nan masunta daga Makassar ta Indonesiya suna zuwa arewacin ƙasar suna ciniki da 'yan asalin. Akwai ma Musulmi masu raƙuma da aka kai tun wajen 1860 suna dakon kaya a hamada, jikokin raƙuman nan har yau suna yawo a daji.

Idan za ka nuna bidiyo a waya ka kalle shi tukun a gida har ƙarshe, kuma ka sauke shi kar netwok ya kunyata ka a gaban yara.

Maimakon jarabawa wasiƙa nake sa su rubuta, kowa ya zaɓi Siti ko Jack ya ba shi labarin ranarsa tun daga tashi har kwanciya, ya yi masa tambaya biyu. Wanda Turancinsa bai yi ƙwari ba na yarda ya fara da Hausa mu juya tare. Bana wata yarinya ta rubuta wa Jack yadda ake dama kunun gyaɗa tun daga jiƙa shinkafa har matsa tsamiya, a ƙarshe ta tambaye shi idan iska ta ɗauke masa hula a hanya malaminsu zai bar shi ya yi wasa ko sai ya koma gida. Wasiƙun nakan liƙa su a bango ƙarƙashin kwalayen uku har ƙarshen zango, ranar karɓar sakamako iyaye su tsaya su karanta.