Yadda za ka gane abin da ke cinye tsirran gindin bishiyoyi a dajin Jos

Daji daga ƙasa yake fara mutuwa. Ɗorawa da maje na iya tsayawa shekara da shekaru alhali a gindinsu babu ɗan tsiro ko ɗaya da zai gaje su. In ka tambayi mai fili, sai ya ce ruwa ne ya yi ƙaranci. Wani lokaci haka ne. Amma a tsaunin Jos, inda ruwan shekara ke kai kusan milimita 1,400 tsakanin Afrilu da Oktoba, a binciki kiwo da gobara da sara tukuna kafin a ɗora wa sama laifi. Shinge ne ke raba gardamar.

Ka auna fili biyu, kowanne mita 10 tsawo, 10 faɗi, masu ƙasa iri ɗaya da inuwa iri ɗaya. Ka nisanci bakin hanya da aƙalla mita 20, domin rana da iskar hunturu sun fi busar da gefen daji. Ka kewaye ɗaya da waya, ɗayan ka bar shi a buɗe. Cikin kowanne ka kafa turaku a wuri biyar, murabba'in mita ɗaya-ɗaya. Turakun ƙarfe za ka sa, na itace abincin gara ne.

Ƙidaya sau biyu a shekara: Satumba da Fabrairu. A cikin kowane murabba'i, ka rubuta yawan ƙananan itatuwan da ba su wuce gwiwa ba, irin ciyawar da ta fi yawa, kaurin busasshen ganye, da faɗin ƙasar da ta zama fako. Ka ajiye ma'aunin ruwan sama kusa.

Ga fassarar. In cikin shinge ya farfaɗo, waje bai farfaɗo ba, dabbobi da gatari ne. In duka biyun sun ja baya a shekarar da ruwa ya yi jinkiri ko ya ɗauke da wuri, yanayi ne. In kuwa duka biyun sun ƙi motsi ko da damina ta yi kyau, duba ƙasar da inuwar: tsohon jujin haƙar kuza ba shi da taki, itacen turare kuma, wanda aka dasa da yawa a irin waɗannan wurare, ganyensa ba ya ruɓewa da wuri. Shekara ɗaya ba ta isa hukunci ba, a ba shi uku.

Inda aka fi yin kuskure shi ne wuta. Gamba takan taru cikin shinge tunda babu mai ci, gobarar Fabrairu ta shiga ta ƙone duk tsirran da aka yi ta raino. Tun Nuwamba, ciyawa na da sauran ɗanyenta, ka share layi mai faɗin mita 3 kewaye da shingen.

Sai lantana, wata baƙuwar shuka mai sarƙaƙiya da ke mamaye daji, wadda ta shiga har dajin Amurum da ke kusa da Laminga. Kore ce shar, amma kada ta ruɗe ka, inuwarta na danne ƙananan itatuwan gida. Sara ba ya kashe ta, sake tohowa take yi. Ka tuge ta da saiwa da damina, lokacin da ƙasa ke da laushi, kuma ka dawo bayan wata biyu, domin tsuntsaye na ci gaba da kawo irinta.