Yadda Ɗalibin Digiri na Biyu ko na Uku Zai Koyar da Aji Har Ɗalibai Su Gane

A jami'o'i da yawa, wanda ke tsaye gaban sababbin ɗalibai a darasin atisaye ko a ɗakin gwaje-gwaje ba farfesa ba ne. Shi ma ɗalibi ne, mai karatun digiri na biyu ko na digirgir, an ɗora masa koyarwa ƙari a kan bincikensa, sau da yawa ba tare da wani dogon horo ba. Idan kana cikin wannan hali, kana da abin da manyan malamai suka daɗe da rasawa: har yanzu kana tuna inda darasin ya ba ka wuya. Da wannan za ka riƙa gano abin da ke cikin kan ɗalibanka, ka kuma bar su su yi aikin tunanin da kansu.

Ka fara da zama da malamin kwas ɗin. Tun kafin zango ya kankama, ka tambaye shi wa ke yanke hukunci idan ɗalibi ya yi ƙorafin maki, me ake yi da aikin da aka kawo a makare, kuma wane ɓangare ne ɗalibai suka fi faɗuwa a kai a baya. Ka rubuta amsoshin.

Ka shirya darasi daga ƙarshensa. Sabon malami yakan buɗe littafi ya ce, "Me zan faɗa?" Grant Wiggins da Jay McTighe, masana harkar koyarwa, a tsarin da suka yaɗa a 1998, sun juya tambayar: me kake so ɗalibi ya iya yi idan an tashi? Ka rubuta jimla guda, ta zama abin da ido zai gani. A tarihi: "Zai iya bambance takardar da aka rubuta a lokacin da abin ya faru da sharhin da aka yi daga baya." A ƙididdiga: "Zai iya zaɓar gwajin da ya dace da bayanan da ke gabansa, ya faɗi dalili." Sannan ka tsara tambayar da za ta nuna maka ya iya, sai a ƙarshe ka zaɓi abin da za ka faɗa. Duk abin da bai taimaki wannan jimla ba, ka ajiye shi, ko da kuwa shi ne zuciyar bincikenka. Nan ne masu digirgir suka fi zamewa, don abin da mutum yake kwana yake tashi da shi, da wuya ya haƙura da ambatonsa.

Ka yi tambaya, ka yi shiru. Idan ka ce "Kun gane?" kowa zai gyaɗa kai, har da wanda ya ɓace tun minti goma da suka wuce. Ka yi tambayar da sai an gane za a iya amsawa: "Idan na ninka wannan lambar, me zai faru da amsar, kuma don me?" Sai ka jira. Mary Budd Rowe, mai bincike kan koyar da kimiyya, ta gano a farkon shekarun 1970 cewa malamai kan jira kimanin daƙiƙa ɗaya kacal kafin su amsa wa kansu ko su tsallaka ga wani. Da aka tsawaita jiran zuwa daƙiƙa uku ko fiye, amsoshi suka ƙara tsawo, ɗalibai da yawa kuma suka soma magana. Shirun zai yi maka nauyi, za ka ji kamar an daɗe. Ka ƙirga a zuci, ka dubi bayan aji, kada ka kira wanda ya fara ɗaga hannu. Sau da yawa a wannan ɗan tsakanin ne yarinyar da ba ta taɓa magana ba za ta ɗago kai daga littafinta.

Ka sa su yi gardama da juna. Wannan shi ne matakin da na fi so kowane sabon malami ya riƙe da kyau. Eric Mazur, malamin fiziks a jami'ar Harvard, ya lura a farkon shekarun 1990 cewa ɗalibansa suna warware lissafi mai wuya amma suna faɗuwa a tambayoyi masu sauƙi na fahimtar ainihin abin. Ga yadda tsarinsa yake tafiya. Ka rubuta tambaya guda da zaɓi uku ko huɗu, kowane zaɓi mara daidai ya zama kuskuren da ka san ɗalibai na yi. Kowa ya yi tunani shi kaɗai na minti ɗaya, sannan su nuna zaɓinsu a lokaci guda, ko da da yatsu a ƙirji ne don kada wani ya kwaikwayi wani. Idan kusan kowa ya samu, ka wuce. Idan kusan kowa ya faɗi, ka sake bayani. Idan kuwa ajin ya rabu, kada ka faɗi amsa. Ka ce kowa ya nemi maƙwabcin da zaɓinsu ya saɓa, ya shawo kansa. Kai kuma ka zaga kana saurare, don a nan za ka ji kuskuren da bakin mai shi. Bayan minti biyu su sake zaɓe, sannan ka yi bayani.

Akwai hujja a kan wannan. A 2014 Scott Freeman da abokan aikinsa sun haɗa bincike 225 kan darussan kimiyya, injiniyanci da lissafi. A azuzuwan lacca zalla, kashi 33.8 cikin ɗari na ɗalibai suka faɗi. A azuzuwan da ɗalibai ke aiki da kansu, kashi 21.8. Sai dai ka shirya wa ƙorafi. Wani bincike da Louis Deslauriers ya jagoranta a Harvard a 2019 ya nuna ɗaliban irin wannan aji sun fi koyo, amma suna jin kamar lacca ta fi amfanar su. Saboda haka tun makon farko ka gaya musu dalilin da ya sa kake wahalar da su, kuma wahalar alama ce ta cewa ƙwaƙwalwa na aiki.

Ka daidaita da fanninka. A lissafi, ka warware misali ɗaya a allo kana faɗin dalilin kowane layi da baki, musamman layin da kake gani "a bayyane yake." Misali na biyu ka bar rabinsa su cike, na uku su yi duka. A ɗakin gwaje-gwaje, bayan ka'idojin kariya, ka sa kowane rukuni ya rubuta hasashensa kafin ya taɓa kayan aiki, kuma idan gwaji ya ƙi, kada ka karɓe ka gyara musu, ka tambaya, "Me kuka riga kuka duba?" A adabi, falsafa ko shari'a, ka kawo sakin layi ɗaya a karanta tare, kuma duk wanda ya faɗi ra'ayi ka ce ya nuna layin da ya dogara da shi.

Ka tsara ba da maki kafin ka ɗauki jan biro. Ka rubuta ma'auni, ka ba ɗalibai tun ranar da ka ba da aikin. Idan ku da yawa ne ke duba takardun kwas ɗaya, ku duba 'yan takardu tare tukuna har hannunku ya zo ɗaya. Ka duba tambaya ta farko a dukkan takardu kafin ka koma ta biyu, ka rufe sunaye in da hali. Gyara biyu ko uku da ɗalibi zai iya aiki da su sun fi shafi cike da ja. Ka kuma yanke wa wannan aiki lokaci, don shi ne ke cinye sa'o'in bincikenka ba ka sani ba.

Ka keɓe minti biyun ƙarshe. Frederick Mosteller, masanin ƙididdiga a Harvard, ya riƙa tambayar ɗalibansa abin da ya fi shige musu duhu a darasin ranar. Ka yi haka: kowa ya rubuta a ƙaramar takarda ba suna. Ka karanta a ranar, ka ware su kashi-kashi, ka buɗe darasi na gaba da wanda ya fi maimaituwa. Idan ka karɓa ba ka waiwaya ba, za su daina rubuta gaskiya.

Wata rana ɗalibi zai yi tambayar da ba ka da amsarta. Ka ce, "Ban tabbata ba, zan bincika," ka rubuta ta a gabansu, ka zo da amsar a haɗuwa ta gaba tare da yadda ka samo ta. Zuwa tsakiyar zango kuma, ka roƙi wani abokin karatu ya zauna a bayan ajinka ya rubuta abu biyu kawai: minti nawa ka yi kana magana, kuma ɗalibai nawa ne suka buɗe baki.