Yadda zaka sa Python ta shiga rauta da siwic da kanta, sannan ka tsattsaga abinda ta dawo dashi

Ni ina duba na'urorin intanet a wurare shida a ƙauyukan gefen Gumel, akwai makaranta biyu, akwai shagon kwamfuta, akwai ƙaramin asibiti, duk an haɗa su da eriya a saman dogon ƙarfe. Da can kullum da safe sai na buɗe PuTTY, manhajar shiga na'ura daga nesa, na shiga ɗaya bayan ɗaya ina buga suna da kalmar sirri, kafin na gama batirin laftof ya kusa mutuwa, gashi wuta sai a hankali. Yanzu ɗan kod ne ke min wannan aikin kafin shayina ya huce, kuma wallahi duk wanda ya yi sati biyu yana koyon Python zai iya rubuta shi.

Amma dan Allah na'urar da aka baka amanarta kaɗai zaka shiga, wadda ba taka ba babu ruwanka da ita.

Ka fara sauke Netmiko, ƙarin kod ne na Python, wani ba'amurke Kirk Byers ya rubuta shi a kan wani ƙarin mai suna Paramiko, aikinsa shiga na'ura ta SSH, hanyar shiga daga nesa mai ɓoye abinda ka buga, ƙofa ta 22. In ka ci karo da tsohon darasi da yake cewa kayi amfani da telnetlib ka wuce shi, an cire shi daga Python tun 3.13, kuma shi Telnet ɗin, tsohuwar hanyar shiga daga nesa, kalmar sirrinka tsirara yake turata a kan waya.

pip install netmiko

Ranar da network yake da kyau zaka yi wannan, bashi da nauyi sosai. Sai ka buɗe Notepad ka yi fayil mai suna naurori.txt, kowace na'ura layinta, lambar IP da sunan shiga da irin na'urar, waƙafi a tsakani:

192.168.10.1,admin,cisco_ios
192.168.10.2,admin,cisco_ios

Kaga ban sa kalmar sirri a ciki ba, kuma kaima kar ka sa. A wajenmu laftof ɗaya mutum biyar ke taɓawa, wannan yazo duba sakamakon jarabawa, wancan ya sa filas ya kwafi wani abu, fayil ya tafi inda baka sani ba. Ka bari kod ɗin ya tambayeka duk sanda ka kunna shi.

from getpass import getpass
from netmiko import ConnectHandler

sirri = getpass("Kalmar sirri: ")

with open("naurori.txt") as fayil:
    for layi in fayil:
        layi = layi.strip()
        if not layi:
            continue
        ip, suna, iri = layi.split(",")
        hadi = ConnectHandler(device_type=iri, host=ip, username=suna, password=sirri)
        amsa = hadi.send_command("show ip interface brief")
        hadi.disconnect()
        print(amsa)

Shikenan shigar, ba wani abu bane. In kana buga kalmar sirrin baka ga komai a allo ba kar ka tsorata, haka getpass yake, ka gama ka danna Enter. Wannan na na'urar kamfanin Cisco ne, in ta kamfanin MikroTik gareka ka sa mikrotik_routeros a fayil ɗin, umarnin kuma ya zama /ip address print.

Toh inda aikin yake shine tsaga rubutu, nan ne yawancin masu farawa suke cijewa har su ce abun yafi ƙarfinsu. Kowane layi da Python ta karanto daga fayil akwai wani ɓoyayyen harafi a jelarsa, \n, alamar sauka sabon layi, ido baya ganinsa amma yana nan. In baka sa strip ba, maimakon cisco_ios zaka samu cisco_ios da wannan jelar, Netmiko ya ce bai san wannan na'urar ba, kai kuma kana kallon fayil kana rantsuwa daidai ka rubuta. Na taɓa kwana a kan wannan. Haka layin da ba komai a cikinsa, wanda yake yawan zama a ƙarshen fayil, in aka tsaga shi da waƙafi abu ɗaya yake bayarwa alhali ka ajiye kwano uku, wato ip da suna da iri, sai ValueError ya fito. Shi yasa na sa if not layi ɗin nan.

Duk sanda rubutu ya rikice maka kar ka yi ta canke, ka buga print(repr(layi)), zai nuna maka shi yadda yake da duk ɓoyayyun haruffansa. A ganina wannan ɗabi'ar ta fi haddace umarni ɗari amfani.

Yanzu amsar da Cisco ya dawo da ita dunƙule take, sai ka yanka ta layi-layi da splitlines, ka jefar da layin farko tunda kanun tebur ne kawai, sannan kowane layi ka tsaga shi:

for layi in amsa.splitlines()[1:]:
    kashi = layi.split()
    if kashi and kashi[-1] == "down":
        print(ip, kashi[0], "ta faɗi")

Ka tura wannan ciki daidai da print(amsa) na sama, dan Python bata wasa da tazarar farkon layi. Kuma ka lura split ɗin nan ba komai a cikin bakansa, wato (), da gangan ne. In ka rubuta split(" ") duk inda ya ga tazara ɗaya zai yanka, shi kuma teburin Cisco tazara goma ko sha biyar yake jerawa tsakanin kalma da kalma, sai jerinka ya cika da fanko, ka nemi kashi[1] ka samu ba komai. Amma split kawai, duk yawan tazarar guda ɗaya yake ɗaukarta.

Ƙirge daga sifili yake farawa, kashi[0] sunan ƙofar ne, wato interface ɗin na'urar, kashi[1] lambar IP. Me yasa na ɗauki na ƙarshe da -1 ban ce kashi[5] ba? Saboda yawancin layuka shida suke tsagewa, amma ƙofar da aka rufe da hannu Cisco administratively down yake rubuta mata, kalma biyu, sai layin ya zama bakwai, lissafinka ya goce. In ka ƙirgo daga baya kuwa ko nawa ne na ƙarshe na ƙarshe ne. In kuma wata rana ka ƙara bayanin wuri a fayil ɗinka, irinsu makaranta, bayan kasuwa, wanda shima akwai waƙafi a ciki, ka sa shi a ƙarshe ka rubuta split(",", 3), zai yanka sau uku ya bar ragowar a haɗe, kwanukanka su zama huɗu.

Sai matsalar da ta fi damun mu nan karkara, wato sola. Lokacin hazo ko damina batirin wani wurin kan mutu da asuba, na'urar bata amsawa, kod ɗin ya tsaya cak a kanta sauran biyar ɗin bai duba ba. Ka sa ConnectHandler a cikin try da except, in ya kasa ya rubuta lambar IP ɗin ya yi continue. In eriyarka tana da jinkiri ka ƙara conn_timeout=30 a cikin bakan, ya ɗan yi haƙuri kafin ya yanke.

Kayi sati guda kana umarnin show kawai, na karantawa, kafin ka taɓa send_config_set mai canja saiti. In lokacin yazo ka fara da na'urar da take gabanka a kan tebur, kuma ka tabbata ba ƙofar da kake shigowa ta ita zaka rufe ba, dan in ka rufeta daga nesa sai dai ka zuba mai a babur ka tafi can da kebul na konsol, wanda ake jona laftof da na'urar kai tsaye.