Darasi na 7: Yadda Ake Saƙa wa Ƙaramin Kare Rigar Sanyi

Ba kowane kare ne ke bukatar riga ba. Mai gashi mai kauri, irin Husky, da rigarsa aka haife shi. Amma ƙaramin kare mai gajeren gashi, kamar Chihuahua, sanyi na saurin ratsa shi, domin ƙaramin jiki ba ya riƙe ɗumi. Haka ma tsohon kare da wanda aka yi wa aski. In kun ga yana makyarkyata yana dunƙulewa wuri ɗaya, to shi za a saƙa wa.

Ku tanadi zaren saƙa matsakaicin kauri, da allurar saƙa guda biyu masu kaurin milimita 4.5 ko 5, da tef na awo, da almakashi. Zaren akrilik ya fi dacewa, don rigar kare ba ta rabuwa da wanki, shi kuwa ulu tsantsa yakan tsuke a ruwan zafi.

Kada a yi awo da ido. A tsayar da karen a kan ƙafafunsa huɗu, a auna wuyansa, a auna ƙirjinsa daidai bayan ƙafafun gaba, sannan tsawon baya daga gindin wuya zuwa kusa da wutsiya. Ku rubuta lambobin nan uku a littafinku.

Nan ne masu gaggawa ke tuntuɓe. Hannun kowa daban ne, wani na jan zare da ƙarfi, wani na sakinsa. Don haka sai ku fara saƙa ɗan gwaji, ku ɗora tef a kai, ku ƙirga ido (wato madaukin zare ɗaya na saƙa) nawa ne a cikin santimita 10. A ce kun sami ido 20. Ke nan kowane santimita ɗaya ido 2 ne. In wuyan karen santimita 26 ne, za ku fara da ido 52. In ƙirjinsa santimita 40 ne, ku ƙara santimita 2 don ya sami sararin numfashi: 42 sau 2, ido 84.

Daga wuya ake farawa. Ku saƙa ido biyu ta gaba, ido biyu ta baya, kuna maimaitawa, har saƙar ta kai santimita 5. Wannan saƙar tana miƙewa, kai zai shiga ba wahala. Sai ku riƙa ƙara ido ɗaya a kowane gefe, layi bayan layi, har 52 ya zama 84. A nan ake barin ƙofa biyu don ƙafafun gaba: ku rufe ido shida ko takwas a kowane ɓangare, ku mayar da su a layin da ke biye. Sai ku ci gaba da saƙa har ta kai tsawon bayan da kuka auna. Ɓangaren ciki ya fi na baya gajarta, musamman in namiji ne, in ba haka ba fitsari zai jiƙa rigar. Da kun gama, ku haɗe gefe da gefe da ɗinki.

Ban da maɓalli ko duwatsun ado, komai kyansu. Kare taunewa zai yi, yana iya haɗiyewa. In an sa masa rigar, ku zura yatsu biyu tsakaninta da wuyansa. In ba su shiga ba, ta matse. In kuma ya fara haki ya zaro harshe, zafi yake ji, a tuɓe masa.

Aiki: Ƙirjin wani kare santimita 36 ne, gwajinku kuma ya ba da ido 20 a santimita 10. Bayan ƙarin santimita 2, ido nawa ake bukata a ƙirji?